Gwiwata ta Hagu

Shekarar da kogin Yamai ya janye har mata suka riƙa ƙetare shi da ƙafa, kaya a ka, a shekarar gwiwata ta hagu ta goce. Ina da shekara ashirin da shida lokacin. Da safe ina yawon kai takardu daga biro zuwa biro, wato ofis-ofis, a wata ma'aikata a unguwar Filato, da la'asar ina filin kokawa. Aikin takardun don tuwo nake yin sa, kokawar kuwa da ita nake kwana da ita nake tashi. An riga an sa ni cikin waɗanda za su tsaya wa Yamai idan jihohi suka haɗu, kuma yanzu da furfura ta cika mini kai ba zan tsaya kunyar ƙarya ba: na iya kokawa. Ba ni da girman jiki sosai, amma ina da ƙafa. Idan na kafa ta hagu a cikin rairayi, sai dai mutum ya tura ya gaji ya bari.

Ranar da abin ya faru ba ma karo ne na gaske ba, gwaji muke yi tsakaninmu. Wani ƙato daga cikinmu ya zame, ya faɗo mini a gefen ƙafa da dukan nauyinsa. Na ji ƙas a cikin gwiwa, kafin a kai ni gida a unguwar Maourey ta kumbura ta yi suntum. Mahaifina mai sayar da yadi ne, mutumin Maraɗi da ya daɗe a Yamai, kuma bai taɓa son kokawar nan ba. Duk da haka ya aika aka kira maɗori. Maɗorin ya ja ƙafar har na kira sunan uwata a gaban mutane, ya shafa magani, ya jera karare ya ɗaure, ya ce kada in kuskura in motsa ta sai ya dawo. Sati huɗu ina kwance. Da aka kwance ɗaurin, kumburi ya saɓe, amma ƙafar da na gani ba tawa ba ce. Cinya ta zube, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, ko tsugunno ban iya ba.

A ranar ne Mushe ya zo. Ɗan gwaggona ne, wato taubashina, ya girme ni da shekara biyu, kuma tun muna yara muke wasan da aka san taubasai da shi, ni in ce shi bawana ne, shi ya ce ni ne nasa. Malamin motsa jiki ne a wata lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa kowa ke kiran sa Mushe, yadda ake kiran malamai da Faransanci, har a cikin gida. An taɓa tura shi ƙasar waje na 'yan watanni, ya koyo yadda ake mayar da ɗan wasan da ya ji rauni fili. Ya jingine mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa, a zaure, ya shigo ya tsaya a kaina, ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Bawana," ya ce, "wa ya musanya ma ƙahwa da ta zakara?"

Na ce masa idan dariya ta kawo shi, ƙofa tana nan inda ya bar ta. Sai ya durƙusa, ya riƙe idon sawuna da hannu ɗaya, ya sa ɗayan a gwiwa, ya tura nan ya ja can yana kallon fuskata. Da ya gama ya je wurin mahaifina, ya gaishe shi da ladabi, ya ce masa maɗori bai yi laifi ba, ƙashi ya sani, ƙashi kuwa bai karye ba. Wata jijiya ce da ke riƙe gwiwa ta gefen ciki ta yage rabi, sauran ɓarnar kuma kwanciya ce ta yi ta. Ya ce a ba shi ni wata huɗu. Mahaifina ya ce shi dai yana son ɗansa ya iya sujada, sauran bai dame shi ba. Ni kuwa tambaya ɗaya na yi, ko zan sake shiga fili. Mushe ya ce idan na bi abin da ya ce, zan shiga.

Abin da ya fara sa ni ya ɓata mini rai ƙwarai. Ni da nake ɗaga ƙato sama in juya shi, sai ga ni zaune a tabarma, ƙafa a miƙe, ana ce mini in matse naman cinya in danna bayan gwiwa a ƙasa, in ƙirga goma in saki. Daga nan a rataya tsohon rawani a tafin ƙafata, in riƙa jawo diddige wajen mazaunaina kaɗan-kaɗan, har inda na fara jin ja, in tsaya a nan. Na ce wannan ai wasan tsofaffi ne. Ya ce tsohuwa ma ta fi ni, ita tana iya tsugunawa ta hura wuta. Wai dole gwiwa ta fara koyon lanƙwasuwa kafin a nemi ƙarfi a wurinta, a sami ƙarfi kafin a nemi gudu, a iya gudu a miƙe kafin a yi zancen juyi. Wanda ya tsallake ɗaya, in ji shi, zai dawo ya same ta tana jiran sa.

Ya ɗauko zare daga shagon mahaifina, ya auna kaurin cinyata ta dama, tafin hannu ɗaya sama da gwiwa, ya ƙulla. Ya auna ta hagu a daidai wurin, ya ƙulla. Tsakanin ƙulli biyun yatsa uku ne cif. Ya rataye zaren a ƙusa a bangon ɗakina, ya ce ranar da ƙullin suka haɗu mu yi maganar fili, kafin nan kada in dame shi.

Kullum bayan asuba yake ƙetaro gada daga Kirkissoye, inda yake zaune da matarsa da 'ya'yansa huɗu, kafin ya wuce lakwal. Abu na farko da yake yi, tun kafin mu gama gaisawa, shi ne ya tsuguna ya danna babban yatsansa a gefen gwiwar, ya tambaye ni yadda ta kwana. Ya ce gwiwa ba ta magana ranar da aka sa ta aiki, sai gobe da safe take ba da amsa. Idan ta kwana lafiya a ƙara mata kaɗan, idan ta kumbura ko ta yi zafi a koma aikin shekaranjiya. Ya kuma raba mini ciwo gida biyu. Akwai na gajiyar nama, wanda ke yaɗuwa a cinya, wannan a yi haƙuri da shi. Akwai mai suka a wuri ɗaya a cikin gaɓa, wannan da an ji shi a tsaya. Sau ɗaya na yi masa wayo. Da na koma aiki, na ga matakalar benen ma'aikatarmu, na yi ta hawa da sauka har na daina ƙirgawa, ina cewa a raina ai na rage wa kaina sati guda. Washegari yatsansa bai gama nutsewa ba ya ɗago kai ya tambaye ni bene nawa na hau. Ya mayar da ni tabarma kwana bakwai, yana zuwa kullum yana yi mini waƙar sannu ba ta hana zuwa.

Da lokacin nauyi ya yi, ya yanke ƙafar wani tsohon wandona, ya ɗaure bakinta, ya zuba yashi gwangwanin tumatir biyu, ya ɗora mini a idon sawu. In zauna a bakin gado in ɗaga ƙafa, in riƙe, in sauke a hankali, saukewar ma ta fi ɗagawar muhimmanci a wurinsa. Duk bayan kwana uku gwangwani ɗaya yake ƙarawa, ko na roƙe shi ba ya sa biyu. Bai bar sauran jikin ya yi barci ba. Ya sa ni jan igiya, da ɗaga turmi daga zaune, da aikin ciki da baya da ƙafar dama, wai ba a barin gida ya rushe don ana gyaran ɗaki ɗaya.

Duk wannan a cikin yunwa muke yin sa. Damina ta ƙi, gidanmu ya cika da dangi daga ƙauye, mata da yara har a zaure. Jar dawar taimako ake ci, wadda ake bin layi a karɓo, soja na tsaye da bulala. Tuwonta yana cika ciki, amma ba ya zama a jiki. Mushe ya ce nama ba ya tsirowa da aiki kaɗai, sai da abin da za a gina shi. Sai ya fara zuwa da ɗan kwano ɗaure a bayan mobilet, dafaffen wake daga hannun matarsa, wata rana da ƙwai ɗaya a kai. Albashin malamin lakwal ne, na san abin da kwanon nan yake rage wa gidansa. A ɗaki nake ci, ƙofa a rufe, don kunyar idon yaran da ke tsakar gida. Idan na yi masa godiya sai ya ce shi bawansa yake kiwo, ba don Allah yake yi ba. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce na manta alheri. Ban manta ko ƙwayar wake ɗaya ba, kuma shi ya sa abin da ya biyo baya ya ƙi wuce mini.

A wata na uku muka koma kogi, ta gefen Kirkissoye. Ruwa ya rage sai 'yan tafkuna nan da can, makiyayan da fari ya koro sun kafa bukkoki a bakin gaɓa da ragowar shanunsu. Mushe ya ga filin horo a inda kowa ke ganin masifa. Ya fara sa ni tafiya a cikin ruwa iya ƙirji, inda jiki ba shi da nauyi, daga baya iya ƙugu, daga baya iya gwiwa. Muka fito kan danshin yashi mai tauri, na yi sassarfa a miƙe, na yi da baya, na yi a kaikaice. Sai da wannan ya zauna ya kai ni busasshen rairayi mai nutsewa, irin na filin kokawa. Ya sa ni tsayuwa da ƙafar hagu kaɗai, ido a rufe, yana zagaya ni yana tunkuɗa ta inda ban zata ba, wai gwiwar da ta ji rauni takan manta inda take, sai an tuna mata. Ranar da na fara ɗaga shi sama na dire, muka faɗi tare muna dariya, matan Zabarmawa masu wanki suna mana kallon mahaukata.

Saura yatsa ɗaya ƙullin zare su haɗu, ya kwantar da ni a tabarma ya sake gwada gwiwar kamar ranar farko. Ya tura ta gaba, ta riƙe. Ya ja ta baya, ta riƙe. Da ya riƙe idon sawu ya danna gwiwar daga waje zuwa ciki, ni kaina na ji ta ɗan buɗe. Ya saki, ya zauna, ya yi mini bayani dalla-dalla. Kome ya dawo sai abu ɗaya. Idan ƙafar ta nutse a rairayi, nauyina duka yana kanta, wani ya harɗe ta daga waje ya juya ni dama, jijiyar ba za ta ɗauka ba, kuma wannan karon ba rabi za ta yage ba. Ya ce wata biyu nan gaba wannan ƙofar ma za ta rufe. Mu biyu ne a ɗakin, ba na uku.

A satin ne aka karanta sunansa a rediyo da azahar, cikin ma'aikatan da aka canza wa wurin aiki. Zamanin soja ne, ba a tambayar dalili, ana ba ka kwanaki ka tattara. An tura shi wata jiha can gabas, aka kuma ɗora masa shirya 'yan kokawarsu. A satin dai aka yi shelar cewa jihohi za su haɗu a Yamai bayan sati shida.

Na ce masa zan shiga. Ya ce ban isa ba. Na kawo masa hujjar cewa waɗanda aka zaɓa ana tsare su wuri ɗaya ana ciyar da su sau uku a yini, baki ɗaya ya ragu a gidanmu ke nan. Gaskiya ce, amma ba ita ce gaskiyar ba. Abin da ke cina shi ne na ji makaɗinmu yana gwada sabon take wa ƙaton da ya faɗo mini a ƙafa. Mushe ya san haka, ya kuma faɗa mini a fuska. Muka yi sa-in-sa irin wadda ba mu taɓa yi ba. Da ya ga kaina ya riga ya yi tauri, ana gobe zai tafi ya kawo mini dabara. Ya ce mutanen wasu jihohi sun ji dai an ce na ji ciwo a gwiwa, ba su san wacce ba, 'yan Yamai kuwa ba za su tona ni ba. In naɗe gwiwar dama da farin ƙyalle mai kauri, in ɗora layu a kai, in riƙa ɗan ɗingisa ta idan na shigo fili. Ta hagu in bar ta tsirara. Kowa zai kai hari inda ya ga ƙyalle, ita kuwa ta dama ko jaki ya hau ta ba abin da zai same ta. Ya ƙara da cewa in guji gefen fili inda rairayi ya fi zurfi. Na rungume shi, na ce ashe bawa ma yana da ranarsa.

Dabarar ta yi aiki. Karona na farko, mutumin ya yi ta dukan ƙyalle da ƙafa har ya manta da ƙugunsa, na ɗauke shi. Na biyu ma haka. Ganga ta koma kan takena, mahaifina da bai taɓa taka filin kokawa ba aka ce an gan shi a bayan mutane, ya ja hula har gira. Da aka jefa ƙuri'ar karo na uku, sai ta haɗa ni da babban ɗan kokawar jihar da aka tura Mushe.

Da safen ranar Mushe ya zo inda aka sauke mu. Ya rame, ya yi baƙi. Muka gaisa, ya tsuguna kamar kullum, ya danna yatsansa a gefen gwiwar hagu, ya tambaye ni yadda ta kwana. Ni kuwa na faɗa masa. Na ce ta ɗan yi nauyi, akwai ɗan suka ta ciki idan na juya. Me zai hana in faɗa? Watanni na yi kowace safiya ina ba shi wannan amsa. Ya gyaɗa kai, ya miƙe, ya ce Allah ya ba mai rabo sa'a. Sai daga baya na tuna bai kira ni bawansa ba, bai kuma dubi idona ba.

Da la'asar aka kira mu. Abokin karona dogo ne, mai haƙuri, ba ya gaggawa. Na shigo ina ɗingisa ta dama kamar yadda na saba, ko kallon ƙyallen bai yi ba. Muka kama juna. Bai nemi kayar da ni ba, tura ni kawai yake yi, taki ɗaya, taki biyu, yana karkata ni. Ina jin rairayi yana ƙara laushi a ƙarƙashina, na gane gefen fili yake kai ni. Na yi abin da jikina ya saba yi tun ina yaro idan an matsa mini, na kafa ta hagu na zuba mata nauyi. Abin da yake jira ke nan. Ƙafarsa ta zagayo daga waje ta harɗe tawa, ya juya ni dama. Kafin ciwon ya iso, na riga na gane. Bayanin da aka yi mini a ɗakina ne, bi da bi, ba ragi ba ƙari, wani ke karanta mini shi da jikinsa. Ƙarar da gwiwar ta yi har makaɗa sun ji. Ina kwance ina cizon rairayi na juya kai wajen 'yan jiharsu, duk sun ruga cikin fili suna murna, mutum ɗaya ne bai tashi daga benci ba.

Likita ya ce jijiyar gefe ta tsinke, ta tsakiya ma ta bi ta. Aka sa mini siminti daga cinya har idon sawu. Kwana biyu ina ƙoƙarin yi wa Mushe uzuri a raina. Na ce watakila wani ɗan Yamai ne ya yi surutu, watakila dogon ne ya yi sa'a. Amma ɗan Yamai zai iya cewa hagu ce, ba zai iya cewa daga waje, a juya dama, a cikin rairayi mai zurfi ba. Da ɗan gari akan ci gari.

A rana ta uku Mushe ya zo, da kwano a hannu. Ya ajiye, ya zauna a bakin gado. Ban amsa gaisuwarsa ba.

"Kai ka hwaɗa mishi?" na tambaye shi.

"Ni na hwaɗa mishi."

Ban zaci zai amsa da sauƙi haka ba, kuma da ya yi mini ƙarya da na fi jin daɗi. Ya ba ni labari, muryarsa ƙasa-ƙasa. Wai da ƙuri'a ta fito, hafsan sojan da ya rako tawagarsu ya kira shi, ya ce an gaya masa ɗan kokawar Yamai ɗan'uwansa ne, a hannunsa ma ya warke. Idan mutuminsu ya faɗi, kowa zai san wanda ya sayar da shi. Mushe ya ce a zamanin nan an kai mutane inda ba a dawowa da wuri a kan abin da bai kai wannan ba, shi kuwa yana da 'ya'ya huɗu. Na yarda haka aka yi. Na san zamanin, ni ma a cikinsa nake.

"Kayar da kai na ce ya yi," ya ce. "Ban ce ya karya ka ba."

"Kai da bakinka ka ce mini in anka yi haka ba rabi za ta yage ba."

Ya sunkuyar da kai, na ƙara masa wata.

"Da sahe da ka taɓa ta, don wa ka taɓa ta? Don ni ko don shi?"

Ya daɗe yana kallon simintin. Can sai ya ce idan an cire shi kada in bari a kwantar da ni kamar wancan karo, zai nemi hutu ya zo mu fara daga tabarma, yadda muka yi da. Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Mutumin da ya san ƙofar da ta rage a buɗe a jikina, ya nuna wa wani ita, shi ne zaune yana tsara mini yadda zan sake miƙa masa ƙafa. Na ce ya ɗauki kwanonsa ya fita, kuma hannunsa ya gama taɓa ni har abada.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, wannan na sani. Ya hana ni shiga, na ƙi ji. Bayan an cire simintin ma na san duk abin da ya kamata in yi, tun daga matse cinya har zuwa rawani a tafin ƙafa, amma duk lokacin da na zauna zan fara sai in ji muryarsa tana ƙirga mini, in tashi in bari. Haushi ya hana ni, gwiwa ta sandare a inda take. Ban sake shiga fili ba, ko kallo ban sake zuwa ba. Abin da mahaifina ya roƙa tun farko ma bai samu ba, don tun daga shekarar ban sake kai goshina ƙasa yadda kowa ke yi ba. Da fari ina salla da ƙafa ɗaya a miƙe a gefe, da girma ya zo na koma kujera a ƙarshen sahu.

Gwaggona ta zo ta yi kuka, mahaifina ya tara mu ya ce zumunci ya fi ƙafa. Na ce to. Shekaru suka yi ta tafiya, soja suka tafi, aka dawo da Mushe Yamai. Muna haɗuwa a suna da biki, in ce Mushe ina kwana, ya ce lafiya lau, shi ke nan. Wasan taubasai ya mutu a tsakaninmu, har yaran gidan suka tashi ba su san mun taɓa yin sa ba. Na sha kama shi yana kallon yadda nake taka ƙasa idan na juya baya, amma bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka.

Bara ya rasu a gidansa na Kirkissoye. Na je. Sallar gawa ba ruku'u ba sujada, a tsaye ake yin ta daga farko har ƙarshe, saboda haka ban nemi kujera ba, na shiga sahun gaba cikin dangi, kafaɗa da kafaɗa, abin da na daɗe ban yi ba. Kafin a tayar, liman ya juyo ya ce duk wanda mamacin ya ɓata wa rai a zaman duniya, ya dubi Allah ya yafe masa. Sahu ya amsa gaba ɗaya, mun yafe. Babban ɗansa yana gefena, magidanci da furfurarsa, ya san labarin, kuma na san bakina yake saurare. Na ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, har cikin zuciyata kuma nake nufi. Ɗaya kalmar na neme ta a bakina ban same ta ba. Aka yi kabbara huɗu, aka ɗauki makara, matasa suka yi gaba da ita da sauri, na bi su a baya da sandata.